Yaya ake amfani da “all hell broke loose” daidai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sakandare, ina shirin jarrabawar WAEC. An ba mu insha'i a kan ranar da ba za mu taɓa mantawa da ita ba, sai na ba da labarin gobarar da ta tashi a kasuwar garinmu. Na rubuta “all the hell broke lose”, malaminmu ya zagaye wuri biyu da jan biro. Mene ne daidai, kuma a wane irin wuri ake faɗar wannan magana? Sannan wata ƙawata ta ce kalmar “hell” ashar ce, bai kamata Musulma ta rubuta ta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba ku sa'a a jarrabawar. Daidai shi ne “all hell broke loose”. Kalma huɗu ce, babu “the” a cikinta, kuma kalmar ƙarshe harafin “o” biyu gare ta. Wuraren nan biyu su ne malaminku ya zagaye, kuma ya yi daidai. Sai dai gyaran haruffa shi ne ƙaramin aikin. A takardun ɗalibai da nake dubawa, da yawa suna rubuta maganar ba kuskure ko na harafi ɗaya, amma su ajiye ta inda ba ta da gurbi. Don haka zan ɗan tsawaita, ki yi haƙuri ki bi ni a hankali.

Mu fara da “break loose”. Bature yana faɗar haka ga abin da yake ɗaure, ya fizge ya tsinke. In kin taɓa ganin ana jan bijimin layya a unguwa, ko kin bi ta kara ranar kasuwa, kin san yadda abin yake. Ana ta ciniki, dillali ya riƙe hannun mai saye yana cewa a ƙara, mai fura ta sauke ƙwaryarta a gindin bishiya, yara suna wasa a gefe. Sai igiya ta tsinke. Kafin ƙiftawar ido wannan ya haye katanga, wancan ya bar takalmi ƙafa ɗaya, fura ta kife, kowa yana ta kansa. To, a maimakon bijimi guda, Bature ya ce ki ƙaddara jahannama ce ɗungurungum, da duk shaiɗanun da ke tsare a cikinta, suka ɓalle ƙofa suka fito lokaci guda. Abin da maganar ke zanawa ke nan. Ma'anarta a yau ita ce wuri ya kacame nan take: ihu, gudu, faɗa, ko fushi mai tsanani da ya tashi ba zato ba tsammani. Ki riƙe wannan “nan take” ɗin da kyau, domin a kansa komai ya rataya.

Dalilin da ya sa ba a sa “the” shi ne, a Turanci kalmar “hell” tana tafiya ne kamar sunan gari idan wurin ake nufi. Ba a cewa “the Kano” ko “the London”. Bature zai ce “all London came out”, yana nufin duk mutanen Landan sun fito kwansu da kwarkwatarsu. Haka “all hell” take, wato duk mazauna cikinta. Na san inda yaranmu suke samo wannan “the” ɗin: daga finafinai, inda ake yawan jin “what the hell”. Wannan gini ne dabam, na nuna fushi ko mamaki, ba shi da alaƙa da wanda muke magana a kai. Haka kuma ba a yi wa kalmar jam'i. “All hells” kuskure ne, ko da yake “all” tana jan hannun mutum ya ƙara “s”.

Batun “loose” da “lose” kuwa, su kansu Turawan yana kayar da su. “Loose” tana nufin abu a sake, a kwance, ko sako-sako, kamar rigar da ta yi wa mutum yawa ko haƙorin da ke girgiɗi. “Lose” aikatau ce, tana nufin rasa abu, ɓatar da shi, ko shan kaye. A furuci, ta farko tana ƙarewa da sautin “s” irin na “sani”, ta biyu kuma da sautin “z” irin na “zani”. Bahaushe yana da sautukan nan biyu a bakinsa tun yana yaro, saboda haka ba mu da uzuri a nan. In kika saba furta su daidai, hannunki zai daina rikita su.

Cikin kalmomin nan huɗu, guda ɗaya ce tak take canzawa, ita ce aikatau ɗin da ke tsakiya. In labarin abin da ya wuce kike bayarwa, “broke” za ki sa, kuma haka aka fi jin ta. In abu ne da ya saba faruwa, sai ki ce “breaks”: “Whenever the results are pasted, all hell breaks loose”, wato duk sanda aka liƙa sakamako wuri yakan yamutse. Kada ki manta da “s” ɗin nan, domin “all hell” tilo ce a nahawu. In gargaɗi ne kan abin da ke tafe, “all hell will break loose”. In kuma kina son nuna cewa kafin wani ya iso an riga an rikice, sai ki ce “By the time the police arrived, all hell had broken loose”. Bayan “had” ko “has”, “broken” ake sawa, ba “broke” ba. Bayan “will”, “would” ko “did”, sai aikatau ya koma asalinsa, “break”.

Akwai wata siga ta biyu da za ki riƙa gani a jaridun Najeriya: “all hell was let loose”. Ita ma daidai ce, manyan ƙamusoshin Turanci sun kawo ta. Bambancinsu kaɗan ne. A ta farko abin ya tsinke da kansa, a ta biyu kamar wani ne ya kwance shi. Inda ake faɗawa rami shi ne haɗa su biyun, a ce “all hell was broken loose”. Wannan ba Turanci ba ne. Haka kuma ba a cewa wane ya yi ta, kamar “the students broke all hell loose”. Maganar ba ta karɓar mai aikatawa daga waje. In kina son ɗora wa wani laifin tada hankalin, ki ambaci abin da ya yi tukuna, sannan ki kawo maganar a bayansa. Wani lokaci za ki ci karo da “all hell broke out”, saboda yaƙi da gobara da annoba duk “break out” suke yi, wato ɓarkewa. Ana jin ta a bakin mutane, amma a takardar jarrabawa ki tsaya a kan “loose”.

Sanin asalin maganar yana taimakawa wajen jin nauyinta. Wanda ya fi yaɗa ta shi ne mawaƙin Ingila John Milton, wanda ya rayu daga 1608 zuwa 1674. A 1667 ya fitar da doguwar waƙarsa mai suna Paradise Lost, a kan fitar Annabi Adamu da Hauwa'u daga Aljanna kamar yadda shi, a matsayinsa na Kirista, ya ƙaga labarin. A lokacin ya riga ya makance, faɗa yake yi ana rubuta masa. A kashi na huɗu na waƙar, Shaiɗan ya sulale daga wuta ya shiga lambun Aljanna, mala'iku masu gadi suka kama shi suka kai shi gaban Jibrilu. Sai Jibrilu ya tambaye shi: “But wherefore thou alone? wherefore with thee came not all Hell broke loose?” Wato, me ya sa ka zo kai kaɗai, me ya hana duk 'yan wuta su ɓalle su biyo ka? Ki lura, a bakin Milton ba hargitsi ake nufi ba, shaiɗanu ne na zahiri da ke tsare. Kuma ba shi ya fara faɗar ta ba. Tun a 1605 wani marubuci, Samuel Rowlands, ya buga waƙa mai suna Hell's Broke Loose. A Turancin wancan zamani ana iya sa “broke” inda mu yau dole mu sa “broken”, don haka kada wani ya kafa miki hujja da su ya ce “has broke loose” daidai ne. A hankali shaiɗanun suka fice daga tunanin masu magana, aka bar hoton ɓallewar kawai.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya ki natsu. Wannan magana ba sunan hargitsi ba ce, sunan daƙiƙar da hargitsin ya fara ne. Saboda haka tana buƙatar abu biyu a gabanta: kwanciyar hankali, ko aƙalla wani tsari da ake ciki, sannan wani abu guda da ya tsinka igiyar. Shi ya sa kusan kullum za ki same ta tare da “when”, “then”, “as soon as” ko “the moment”.

Ga misali da mutane da yawa suka gani da idonsu. Ranar 29 ga Maris 2022, Najeriya ta karɓi baƙuncin Ghana a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, a wasan neman gurbin zuwa gasar cin kofin duniya ta Qatar. A Kumasi an tashi babu ci. A Abuja Thomas Partey ya fara ci wa Ghana, William Troost-Ekong ya rama da bugun fenareti, aka tashi kunnen doki 1-1, Ghana ta wuce saboda ƙwallon da ta ci a waje. Minti casa'in 'yan kallo suna kan kujerunsu, suna ihu, suna addu'a, amma kowa yana wurinsa. Alƙalin wasa yana busa tashi, sai jama'a suka tsallake shinge suka kwarara cikin fili, suka farfasa rumfunan zaman 'yan wasa, 'yan sanda suka shiga harba barkonon tsohuwa. Ɗan jaridar da ya rubuta “When the referee blew the final whistle, all hell broke loose” ya ajiye maganar a gurbinta sarai. Akwai tsari, akwai usur ɗin da ya tsinka shi, akwai abin da ya biyo baya. Wanda ya rubuta “All hell broke loose throughout the match” kuwa ya yi kuskure, ko da nahawunsa ba aibu, domin abu ba ya tsinkewa na tsawon minti casa'in. Sau ɗaya yake tsinkewa.

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, kuma ya fi na harafi muni, domin yana nuna marubucin bai ji maganar a jikinsa ba. Ɗalibi zai rubuta cewa tun shekara biyu “all hell has been breaking loose” a ƙasa saboda tsadar rayuwa. Tsada ba tsinkewa take yi ba, rarrafowa take yi. Ɗauki batun man fetur. Ranar 29 ga Mayu 2023, Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabinsa na rantsuwa cewa tallafin mai ya ƙare. Kafin gari ya waye gidajen mai da yawa sun rufe ƙofa, layuka sun miƙe, masu ababen hawa suna ta rububi. Wannan yammacin da washegarinsa ana iya cewa “all hell broke loose at the filling stations”. Amma watannin da suka biyo baya, na tashin farashin kwanon masara da kuɗin mota, suna buƙatar wata magana dabam, irin su “things went from bad to worse”, wato al'amura suka yi ta taɓarɓarewa, ko “prices kept rising”. Bahaushe ma yana bambancewa. Ba ya cewa wuri ya kacame idan yana nufin rayuwa ta yi tsanani. Yana cewa an shiga matsi, ko abubuwa sun dagule.

Sai batun nauyi. Maganar tana da ƙarfi, don haka ki auna ta da abin da ya faru. Idan 'yan aji biyu suka yi cacar baki kan biro, sauran suka ci gaba da karatunsu, ba abin da ya ɓalle. “They had an argument” ya wadatar. Dole ne rikicin ya kama mutane da yawa, ko kuma fushin mutum ɗaya ya girgiza gida gaba ɗaya. Wannan na biyun yana da yawa a hirar yau da kullum, kuma akwai zuguguwa a cikinsa da kowa ya sani. Yarinya za ta ce wa ƙanenta, “If Baba sees this dent on his car, all hell will break loose”, wato in Baba ya ga yadda aka lotsa masa mota, yau gidan nan ba mai shan ruwa. Ba wanda zai gudu ko ya ji rauni, faɗa ne kawai za a sha, kuma Bature ya yarda da wannan amfani.

A ɗaya ɓangaren kuma, akwai abin da ya fi ƙarfin maganar. Duk da ambaton wuta da ke cikinta, tana da ɗanɗanon hira, irin na mai ba da labari yana jin daɗin bayarwa. Inda aka rasa rayuka da yawa, wannan ɗanɗanon yana zama rashin ladabi. Turmutsutsun Mina na ranar 24 ga Satumba 2015, wanda ya ci ɗaruruwan alhazai, cikinsu har da 'yan Najeriya da Nijar, ba wurin wannan magana ba ne a ganina. A irin wannan sai a faɗi abin da ya faru da sunansa, “a stampede occurred” ko “pilgrims were crushed”, a bar ado. Wanda ya rasa mahaifiyarsa a wurin yana iya karanta rubutunki. Za ki ga 'yan jarida suna amfani da ita a labarin hari ko tashin bam, ba zan ce sun karya nahawu ba, amma ni ba na koya wa ɗalibaina haka.

To, mu zo kan insha'inki. Gobarar kasuwa wuri ne da maganar ta dace da shi, matuƙar kin gina mata gaba da baya. Abin da ɗalibai suke yi shi ne su jefa ta su wuce, kamar ita kaɗai ta gama ba da labarin. Ba ta gama ba. Ƙofa ce kawai take buɗewa, mai karatu yana jiran ya ga abin da ya fito. Dubi wannan:

“The call to the afternoon prayer had just ended and the tailors were locking their stalls. Then a generator exploded behind the cloth sellers' line, and all hell broke loose. Women ran with their babies and left their shoes behind. A man dragged his sewing machine into the gutter. Nobody could hear the person next to him.”

Jimlar farko ta kwanciyar hankali ce: an gama kiran sallar la'asar, teloli suna rufe shaguna za su tafi masallaci. Ta biyu ta kawo abin da ya tsinka igiyar, janareta ya fashe a bayan layin 'yan yadi, sannan maganarmu ta shigo. Sauran ukun su ne hujjarta: mata da goyo suna gudu ba takalmi, wani yana jan kekensa na ɗinki har cikin kwata, ba mai jin maganar na kusa da shi. In kika cire waɗannan ukun, maganar ta zama fanko. In kika cire jimlar farko, ba abin da za ta tsinka. Ki koma ga abin da idonki ya gani a kasuwarku ranar nan, ki zaɓi abu biyu ko uku da ba wanda zai iya faɗa sai wanda yake wurin, ki jera su a bayanta.

Kuma sau ɗaya tak za ki yi amfani da ita a insha'i guda. Labari ɗaya ba ya da daƙiƙar tsinkewa biyu. Insha'in WAEC maki 50 ne: 10 na abin da kika faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu, wato nahawu da haruffa da alamomin rubutu. Karin magana da aka ajiye a gurbinsa yana ƙara miki a kason nan mafi tsoka. Wanda aka rubuta da kuskure kuwa, kamar “lose” a maimakon “loose”, yana zaftare miki a kason ƙarshe. Masu duba takarda sun ga wannan magana sau ba adadi, ba ganinta ke burge su ba, abin da ya biyo bayanta ne.

Nau'in rubutun ma yana da muhimmanci. A labari, a wasiƙa zuwa ga ƙawa ko ɗan'uwa, a hira, maganar tana gida. A wasiƙar hukuma zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma ko shugaban makaranta, a rahoton da za a kai wa 'yan sanda, a takardar neman aiki, a kundin digiri, ba ta da wurin zama. Can ana son magana mai sanyi wadda za a iya auna ta: “the situation got out of control”, “there was widespread confusion”, “violence erupted”, ko “chaos ensued”. In aka ba ki zaɓi a jarrabawa kika ɗauki wasiƙar hukuma, ki ajiye ta gefe ko da tana yi miki ƙaiƙayi a hannu.

Game da maganar ƙawarki, tana da ɗan abin kamawa, amma ta faɗaɗa shi. Kalmar “hell” ba ta cikin manyan ashar na Turanci. Tana zama zagi ne idan aka jefi mutum da ita, kamar “go to hell”, kuma tana zama rashin ladabi a “what the hell” idan yaro ya faɗa wa babba. Waɗannan biyun ki nisance su. A Amurka akwai iyalai masu riƙo da addini da ba sa son jin kalmar a wajen coci ko kaɗan, har sukan musanya ta da “heck”, su ce “all heck broke loose”. A Ingila ba a cika ɗaukar ta da zafi haka ba. Cikin karin maganar da muke tattaunawa kuwa, ba a zagin kowa, kuma mai faɗar ta ba ya yin wani iƙirari game da lahira. Kwatance ne, irin wanda mu ma muke yi idan muka ce wuri ya zama kamar an yi tashin alƙiyama, ko muka ce ranar ta zama ta nafsi-nafsi. Wannan bayanin harshe ne na ba ki, hukunci kuwa na malaman addini ne. In zuciyarki ba ta kwanta da kalmar ba, babu dole, domin Turanci yana da wasu kalmomin da ke yin aikin.

In za ki mayar da ita Hausa, don Allah kada ki ce jahannama ta ɓalle ko wuta ta tsinke. Mai sauraro zai ɗauka gobara ake nufi ko wani batu na lahira. Hausa tana da wadatar kalmomi a nan fiye da yadda muke lura, kuma kowace da inda ta fi zama. In ihu ne da hayaniya, wuri ya kaure. In gudu ne, kowa ya yi ta kansa, ko aka yi ƙafa me na ci ban ba ki ba. In faɗa ne, rikici ya ɓarke ko wuri ya kacame. In taro ne ya lalace, ya yamutse ko ya hargitse. In fushin maigida ne, hankalin kowa ya tashi. Turanci ya tara su duka a magana ɗaya, mai fassara kuma sai ya duba wanne ne ya faru ya zaɓa.

Daga cikin kalmomin da za ki iya sawa a madadinta, wadda ta fi kusa ita ce “pandemonium”, wadda jaridunmu suke ƙauna ƙwarai, kullum sai ki ga “There was pandemonium in” wuri kaza. Ita ma daga Milton ta fito, kuma wannan shi ya ƙirƙire ta da kansa: sunan da ya ba fadar Shaiɗan ne a waccan waƙar, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin “duka” da “aljanu”. Yau tana nufin hayaniya da ruɗani na taron jama'a. Ana cewa “pandemonium broke out”, ba “broke loose” ba, kuma ba a sa mata “a” a gaba. Ta fi tamu dacewa da rubutun jarida, kuma ba dole ne ta ƙunshi faɗa ba. 'Yan kallo suna iya shiga “pandemonium” don murnar cin ƙwallo a minti na ƙarshe.

“Bedlam” ta fi karkata ga surutu. Asalinta sunan wani asibiti ne a Landan, Bethlem, wanda aka kafa a 1247 a matsayin gidan ibada, daga baya ya zama wurin ajiye masu taɓin hankali. Tsawon ɗaruruwan shekaru ana tsare marasa lafiyar cikin mummunan hali, har mutane kan biya kuɗi su shiga kallonsu. Asibitin yana nan har yau, yana aiki irin na zamani. Idan aka ce “the classroom was bedlam”, ana nufin ajin ya kaure da surutu ba mai jin wani. Ita tana bayyana halin da ake ciki ne, ba daƙiƙar farawarsa ba, don haka tana iya ɗaukar dogon lokaci inda tamu ba za ta iya ba. “Mayhem” kuwa tsohuwar kalmar shari'a ce, ta laifin nakasa mutum da gangan, kamar yanke masa hannu ko tsiyaye masa ido. Har yanzu tana ɗauke da warin jini da ɓarna, saboda haka ki ajiye ta sai inda aka ji rauni ko aka fasa dukiya.

Ta ƙarshe da zan ambata ita ce “havoc”, domin ita ma tana da tarkon rubutu irin na “loose”. A yaƙe-yaƙen Turai na da, kalma ce da shugaban mayaƙa ke faɗa don ba sojoji izinin wawashe gari. Yau tana nufin ɓarna mai faɗi, irin ta ambaliya, guguwa ko fari. Aikatau ɗin da ke tafiya da ita shi ne “wreak”, ana furta shi da dogon “i” kuma ba a furta “w” ɗin. Ɗalibai da yawa, har da wasu jaridu, suna rubuta “wreck havoc”, wanda kuskure ne, domin “wreck” rugurguza abu ne, ita kuwa ɓarna ba rugurguza ta ake yi ba, haddasa ta ake yi. Wannan ita ce za ki ɗauka idan kina son ambatar wanda ya yi ɓarnar kai tsaye, abin da “all hell broke loose” ba ta yarda da shi ba: “The flood wreaked havoc on the farms”, wato ambaliya ta yi wa gonaki mummunar ɓarna.